Motar da Ta Kasa Hawan Kibo

Duk wanda ya kawo min mota garejina da ke nan Jos ya ce "ba ta ja," ba na fara ɗauko sifana. Makulli nake karɓa, in ce ya shiga gefe mu zagaya. Tsohuwar mota tana iya yi maka ladabi a tsaye, ka tayar da ita ka ji tana silo lafiya lau, amma ka ɗora ta a kan tudu ka taka totur, nan za ta faɗa maka ciwonta da bakinta.

Idan ƙarar injin ta cika kunne, allurar juyin injin ta haura, mota kuwa tana jan ciki kamar kunkuru, to injin ba shi da laifi, kulos ne ya cinye ko giya ke zamewa. Idan tana fizga tana misin, sai in nufi wuta: fulogi, kwayil, wayoyi. Idan kuma ka taka ta ɗan amsa sannan ta shaƙe, kamar wanda ake riƙe wa wuya, to ko mai ba ya isa, ko iska ba ta shiga, ko hayaƙi ba ya fita.

Wannan sauraren a wurin maigidana na koye shi, Allah ya jiƙansa. Na shiga hannunsa ina ɗan shekara 14, lokacin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce sarauniyar hanya. Shekara biyu ina wanke kafireta da fetur a cikin kwano kafin ya bar ni in taɓa sukurun saiti. Shi kuwa sai ya tsuguna a bayan mota, ya kara tafin hannunsa a bakin salansa, ya rufe ido. Ya ɗago ya ce, "Yaro, lamba uku ba ta aiki." A cire wayar fulogi ta uku, injin ko gezau. Shi ya fara gaya min cewa Jos ba Kano ba ce: muna sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta da kauri, don haka ko lafiyayyar mota sai ta rage kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta in ta hau nan. Ƙaramin ciwon da ke ɓoye a Lafiya ko Akwanga, a nan yake bayyana.

Yanzu zamanin injekta ne da birenboks, wato kwamfutar mota. Ina da na'urar gano matsala da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda motocin Amurka suka zo da mazauninta tun 1996, kuma tana taimako ƙwarai. Sai dai lamba kawai take bayarwa. Ta nuna maka P0171, wato mai ya yi kaɗan a kan iska. Ba za ta ce maka famfo ne, ko nozul, ko tiyo ne ya tsage ba. Wasu yaran da suka sayi na'urar jiya sun ɗauka shi ke nan sun zama makanikai. Su karanta lamba, su goge, su karɓi kuɗi.

Filtar iska kam ba ta da wuya: bayan hunturu ka buɗe ka ga ƙura ta yi mata ɓawo. Famfon mai ne ya fi kawo mana aiki tun da aka cire tallafi a 2023. Mutane suna yawo da lita uku a tanki, wuta ja a kunne kullum, alhali man da famfon ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Ga na 'yan bumburutu da datti da ruwa. Ni dai ba na cire famfo sai na ɗaura ma'auni na ga ƙarfin turawarsa, a tsaye da kuma lokacin da aka taka.

A damina da ta wuce wani Alhaji mai safarar dankali ya kawo min Camry ɗin nan da ake kira fensir, ƙirar 1999. A hanyarsa ta dawowa daga Akwanga ta kasa Hawan Kibo, sai da giya ɗaya, tirela tana yi masa hon a baya. An riga an canja masa famfo sau biyu, an wanke nozul, har wani ya ce a sauke injin a sa ring. Muka fita. A hankali tana tafiya sumul, da na taka sosai sai ta toshe, ga wani huci daga ƙasa. Muka dawo na kara hannu a bakin salansa, yaro ya ba ta wuta: iskar da ke fitowa ba ta kai ta mafici ba. Na kwance sensar da ke gaban katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, na bar ramin a buɗe, muka sake fita. Ƙara kamar jirgi, amma motar ta tashi da mu har Alhaji ya riƙe dashbod yana "Ikon Allah!"

Da muka sauke katalis ɗin na haska tocila a ciki. Abin da ya kamata ya yi kama da saƙar zuma ya narke ya dunƙule kamar ƙanzo. Kuma ba haka kawai ya narke ba. Wayoyin fulogin da aka sa masa jabu ne, kwali mai sheƙi, sunan kamfani rangaɗau, amma da daddare ka buɗe bonet ka ga wuta tana tsalle a jikinsu. Man da bai ƙone a injin ba ya riƙa zuwa yana ƙonewa a cikin katalis, wata da watanni.

Jabun kaya su ne baƙin cikina a wannan sana'a. Ka je kasuwar sifiya a kawo maka iri uku, a ce wannan orijina, wannan Belgium, wannan "mai kyau ne shi ma." Mai mota ya zaɓi na araha, bayan sati biyu ya dawo yana cewa aikinka ne. Ni da kaina nake zuwa sayayya, in juya kaya a hannu, in duba rubutu, in ji nauyi. Wanda bai kwanta min ba, ko kyauta ne ba ya shiga motar da ta fito daga hannuna. Haka tsohon katalis, a gaban mai shi nake sa shi a but, don akwai masu fasa shi su sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, su maƙala bututu fanko ba tare da sun gaya wa kowa ba.

Da aka zo biyan kuɗi Alhaji ya ce, "Haba Malam, wannan kuɗin bincike kuma na mene ne? Ai hannu kawai ka kara." Na ce, "Alhaji, waɗanda suka sa maka famfo biyu nawa ka ba su?" Ya yi dariya, ya ƙirga, ya rage min dubu biyu duk da haka. Bayan kwana uku direbansa ya tsaya a bakin gareji da rabin buhun dankali, ya ce sun hau Kibo da giya uku.