Talata, ranar da ƙyalle ya bushe

Hazo tun asuba, ko dogon yaron bakin masallaci ba a gani sosai. Koko da ƙosai a tsaye, sai filin awon yanayi na makaranta, don yau layina ne na ɗaukar awo.

Na buɗe farin akwatin da ake ajiye kayan awo, na duba ma'aunan zafin nan biyu da muke gane danshin iska da su. Busasshen 19, mai jiƙaƙƙen ƙyalle shi ma 19. Jadawali ya ba ni danshin iska kashi 100. A Gusau, cikin Janairu, leɓena duk a tsage! Haka na rubuta na wuce aji, ko a jikina.

Dogo, ɗan ajinmu, shi ne ya gano. Ruwan 'yar kwalbar da ƙyallen ke sha ya ƙafe ƙaf. Ai sai ƙyallen na jiƙe iska ke busar da shi, ma'aunin ya yi sanyi, tazarar da ke tsakanin biyun ta nuna bushewar iska. Ya ce, "Ke dai goge ki sa 11, wa zai sani?" Wallahi har na ɗauko abin gogewa. Shekara biyu muna ɗakin gwaji amsa na bayan littafi, kai dai ka lallaɓa ka kai ga lambar da ake so. Wannan kwas ɗin kuwa tambayar tamu ce, yadda danshi ke sauka in ƙurar Bodele ta taso daga Chadi, kuma ko Malam bai da amsar a aljihu.

Sai ga shi ya shigo. Bai ɗaga murya ba. "Kar ki goge. Ja layi ɗaya, ki rubuta dalili a gefe, ki sa hannu." Na ce, "Malam, zai ɓata mana zanen da muke fitarwa daga lambobin." Ya ce gara giɓi da lambar da ba wanda ya auna.

Abin da ke cina har yanzu, da ya makara da minti biyu, da 11 ɗin nan tana cikin aikinmu, ni ma nan da wata guda na manta ƙirƙirarta aka yi.

Na cika kwalbar. Da rana 31 da 16, danshi ƙasa da kashi 20. Baba maigadi na kallona ya ce, "Ɗiyata, mi kuka biɗa cikin akwatin ga kullum?"

Inna ta kira, tarinta ya dawo. Ban yi wanki ba.