Wasiƙa daga Ingila: wai tsuntsayen can irin namu ne?

Jama'ar Kano, assalamu alaikum, a gaida na gida. Kun dame ni da tambayar takardar zama da tsadar abinci, zan taɓo su. Amma yaran gidanmu tambayarsu ɗaya ce kullum, ita ce ta sama, kuma ita zan fara amsawa.

Amsar tana cikin sanyi. A Disamba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, yatsu su sandare, ko maɓallin riga ba ka iya sawa. Hunturun da muke hura masa wuta a ƙofar gida, nan cewa za su yi gari ya yi daɗi. Ƙananan tsuntsayen da ke sauka bakin tagata kuwa kusan fasalinsu ɗaya: gajeren baki, sun hura gashi sun dunƙule kamar curin fura. Tun 1847 wani Bajamushe, Bergmann, ya lura cewa dabbar ƙasar sanyi takan fi 'yar'uwarta ta ƙasar zafi jiki. A 1877 Allen na Amurka ya ƙara da cewa gaɓoɓinta kan fi gajarta, don ta dogon baki da doguwar ƙafa ɗumin jiki ke zurarewa. Waɗanda ba za su jure ba sai su yi ƙaura, shi ya sa fukafukansu dogaye ne masu tsini. Wasunsu a fadamar Haɗeja da Nguru suke cin rani.

Ba wai babu zalɓe ko agwagwa a nan ba, akwai. Amma yawan iri da bambancin ƙira, ƙasashen zafi ne gidansu. Kolombiya na da sama da iri 1,800, har da wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure da bakinsa ya fi gangar jikinsa tsawo. Najeriya na da sama da 900. Ku dubi lanƙwasar bakin cilakowa, da tukkun gauraka, da tafiyar ƙasaitar burtu, da shamuwa mai zuwa da albishir ɗin damina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne binciken masanan jami'ar Sheffield na 2022: tsuntsaye masu ƙirar da ba kowa ke da ita ba, su suka fi fuskantar ƙarewa. Yaushe rabonku da ganin ungulu a kwata? Tun 2015 aka saka irin tamu cikin masu dab da ɓacewa. Masu neman kanta don magani, da mu da muke saya wa yara danƙo, da mun ɗan sassauta.

Takardar zama sai wasiƙa ta gaba, labarinta dogo ne. Abinci kuwa, kuɗin kuɓewa kaɗai ya isa ya hana mutum marmarin miya.