Fis ɗin da na ɗaure da waya a Gadarif

Ƙannena masu koyon gyaran rediyo, da wannan hannun nawa na ƙona oba-obar wani manomi, kuma silin waya ɗaya ne ya jawo.

Lokacin ina yaron shago a Gadarif ta ƙasar Sudan. Damina ta kankama, manoman dawa da riɗi ba su da hanyar jin labarin gonakinsu sai ta oba-oba. Wani ya kawo rediyonsa haɗe da akwatin da ke ba shi wuta, irin mai sauke volt 230 zuwa volt 13.8, ya ce fis ya tsinke. Na sa sabo, ya sake tsinkewa. Usta, wato maigidana a shagon, ya tafi masallaci, mutumin kuwa sai duban agogo yake. Na zaro silin jan ƙarfe na ɗaure gurbin, har ina jin kaina gwani.

Ashe taransistan da ke daidaita wutar ne ya haɗe, ɗanyar wuta sama da volt 20 tana neman zarcewa cikin rediyon. Irin wannan akwati yana da wani ɗan mai gadi a ciki: da wuta ta haura kima, sai ya haɗe layukan biyu da gangan don fis ya tsinke. Wato aikinsa yake yi, ni ne na ɗaure masa hannu. Ya riƙe, ya riƙe, har ya ƙone, wutar ta wuce ta cinye rediyon. Warin nan har yau ina jin sa.

Da Usta ya dawo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, fis ya gaya maka magana sau biyu, ka toshe masa baki."

To, in fis ya maimaita tsinkewa, ku cire rediyon tukuna, ku auna taransista da diyod da mita. Ku duba jikin fis ɗin, ba lambar amfiya kaɗai ba: mai harafin T yana jure fizgar farko da manyan kafasita ke yi in an kunna, mai F kuwa nan take yake yankewa. Kafasitan ma ku sauke musu caji ta resista kafin ku sa yatsa, don suna riƙe wuta bayan an zare soket.

Manomin nan kwana tara ya yi bai ji ɗuriyar gonarsa ba. Ni kuma wata uku Usta yana yankar kuɗin a ladana.