Gado da ciwon huhu a wurin shanun turka

A bara na raka kawuna kasuwar shanu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, inda ya zaɓi bijiman turka kamar yadda ya saba: ya dubi faɗin ƙirji, ya danna tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora. Ba a yi mako biyu da ɗaure su ba, sai wanda ya fi kyan jiki ya fara tari, majina tana zuba, ya sunkuyar da kai ya bar dusa da ƙuli-ƙuli a gabansa. Kawu ya girgiza kai ya ce mini, "Ɗana, irinsu ne ba shi da ƙwari."

Maganar Kawu tana da ƙamshin gaskiya, amma kaɗan ne. Masu bincike a cibiyar nazarin dabbobin nama da ke Nebraska a Amurka sun bi bayanan shanun turka fiye da 18,000 daga 1987 zuwa 2001, suka gano cewa gado yana ɗaukar kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na bambancin da ke tsakanin shanu wajen kamuwa da ciwon huhu, alhali kuwa saurin girma da yawan kitse da kaurin tsoka suna bin jini sosai. Sun kuma ga cewa alaƙar gado tsakanin juriyar ciwon da siffofin jiki ba ta da ƙarfi, wato idon da ya ƙware wajen gane sa mai nama ba zai gane mai lafiyayyen huhu ba. Shanun Turawa irin su Angus da Hereford aka auna, ba masu tozo irin namu ba, amma a ganina darasin ya shafe mu.

Sauran kason yana hannun mai kiwo da hanya. Ƙwayar cutar da ake kira Mannheimia tana zaune a hancin lafiyayyen sa ba tare da ta cutar da shi ba, sai wahala ta raunana shi sannan ta gangara huhu. Duk wanda ya san nisan da shanun Larabawan Baggara makiyaya suke sha daga Darfur da Kordofan, ga ƙura, ga ƙishirwa, ga cuɗanya da baƙin garke a kasuwa, ya san inda matsalar take farawa. Hatta dakashin da maraƙi ya sha a ranar haihuwarsa yana da tasiri.

Bana na shawo kan Kawu ya ware sababbin saye a turke na daban, ya ba su ruwa da busasshiyar ciyawa tukuna kafin ya fara ɗura musu dawa, ya kuma kira likitan dabbobi domin rigakafi. Ya yarda, ko da yake har yanzu tozo yake fara dannawa.