Hantsi a Rumsiki, cikin daƙiƙa 36

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki a Garwa, kuma mai wannan sana'a idonsa kullum a kan fuska yake: amarya, ƙawayenta, masu liƙi. Na daɗe ina sha'awar ɗaukar abin da ba ruwansa da kyamara, shi ya sa da na mallaki 'yar ƙaramar kyamarar nan da masu wasan keke da masu ninƙaya ke ɗaurawa a jiki, wadda ke shigewa aljihun riga, na ƙudurta kai ta duwatsun Kapsiki da ke garin Rumsiki, a arewacin Kamaru, in yi bidiyon taƙaita lokaci, wato taimlafs. Na tashi a watan Disamba, hunturu ya kankama.

Daga Garwa zuwa Marwa tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, ta Figil. Na nemi kujerar gaba, na manna kyamarar a gilashi da izinin direba, na sa ta a tsarin da ke gaggauta tafiya yana kuma danne girgiza. Duk shingen jandarmomi da muka tunkaro sai in cire ta in sa a aljihu, domin a wannan yanki ba a nuna wa jami'in tsaro kyamara, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi yi mini kyau a hanyar shi ne gonakin masakwa da muka fara gani gab da Marwa. Ko'ina ya bushe ƙayau, amma ga dawa koriya shar a kan baƙin laka, an dasa ta bayan ɗaukewar ruwa, tana shan danshin da ƙasa ta riƙe.

A Marwa gidan kawuna na sauka. Da la'asar na fita gwaji a bakin Mayo Kaliyawo, wanda a wannan lokaci yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa, mutane na ratsawa da ƙafa. Kawu ya biyo ni, ya ga na kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku na koma gindin darbejiya na zauna.

"Ɗana, aikin ke nan? Ka ajiye abu ka zo ka zauna?"

Na ce, "Kawu, ita ke aikin. Duk bayan daƙiƙa 5 tana ɗaukar hoto ɗaya."

Na yi masa lissafin a ƙasa da tsinke. Hoto 12 ke nan a minti ɗaya, 720 a awa ɗaya. Bidiyo kuwa hoto 30 yake ci a kowace daƙiƙa, saboda haka zaman awa guda cur daƙiƙa 24 zai haifar. Kawu tsohon ɗan kasuwa ne, ya girgiza kai ya ce bai taɓa jin cinikin da uwar kuɗi ta fi riba nisa haka ba, amma bai tashi ba sai da aka kira magariba, kuma da na nuna masa yadda mutane ke kwarara a kan yashin, sai da ya sa na maimaita.

Daga Marwa zuwa Mokolo kwalta ce, wajen kilomita 80. Daga nan kuma sai hanyar ƙasa mai duwatsu, kusan kilomita 50 zuwa Rumsiki, ta Mogode, a bayan babur. Kafin in baro Mokolo na tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki, kuma ina shawartar kowa ya yi haka. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, rikicin Boko Haram ya kori baƙin da ke zuwa wannan yanki, kuma Rumsiki na cikin garuruwan da suka fi jin jiki, don da yawa daga mutanenta da baƙi suke ci: 'yan jagora, masaƙa, maƙera, masu ginin tukwane, har da shahararren mai duban nan da ke aiki da ƙaguwa. Ɗan jagoran da ya karɓe ni Bakapsike ne, Hausarsa tas, a kasuwancin Mubi da Michika ya koye ta, tunda iyakar Najeriya ga ta nan ƙasan kwari.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya yarda da hoton wurin. Gari na kan tudu, sai ƙasa ta yanke ta gangara wani kwari mai faɗi, daga cikinsa kuma duwatsu sun miƙe tsaye ɗai-ɗai, sirara, masu tsini. Ragowar duwatsu masu aman wuta ne: narkakken dutse ya daskare a maƙogwaronsu, iska da ruwa suka cinye jikin da ke kewaye, sandar tsakiyar ta rage. Mafi shahara a cikinsu ƙoƙuwarsa na da tsayin mita 1,224 daga doron teku. A gangaren kuma Kapsikawa sun jera duwatsu hawa-hawa don riƙe ƙasar noma.

Sai dai a ranar farko na fahimci matsala biyu. Gilashin irin wannan kyamara mai faɗin gani ne ƙwarai, yana kwaso komai amma yana ƙanƙanta abin da ke nesa, har dutsen da ya cika maka ido ya koma ɗan tsinke a allo. Ta biyun ta fi girma. Taimlafs motsi yake nema, kuma yawancin masu yin sa da gajimare suke dogara, ga shi a hunturu babu ko ƙyallin gajimare a sama. Faɗuwar ranar da ake yi wa Rumsiki kirari da ita ma hazo ya haɗiye ta tun tana sama, ta yi fari fat, ta ɓace kafin ta kai kan duwatsu.

Wani dattijo Bahaushe mai tireda a garin, wanda na je gaishe shi bayan isha'i, shi ya warware mini. Na faɗa masa damuwata, ya ce, "Yaro, kowa yamma yake zuwa kallo. Kai ka zo bayan asuba. Rana kan dutsen take fara taɓawa, sannan ta riƙa saukowa. Kafin ta kai gindinsa an saki shanu, mata sun fita ɗiban ruwa." Ya kwatanta wa ɗan jagora wani falalen dutse kusa da wata kuka, ya ce daga nan ake ganin hanyar shanun.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma."

Ya ce, "Amin. Ka sa rigar sanyi."

Gaskiyarsa, sanyin tudun nan na shiga ƙashi. Mun isa da sauran duhu. Na kafa sandar ƙasa-ƙasa, na rataya mata jakar da na cika da duwatsu don kada iska ta motsa ta, domin ko kaɗan ta gusa aikin ya lalace. Na matso da reshen kukar cikin hoton ta gefe guda, saboda ido ya sami abin auna girman dutsen da shi, na kuma zaɓi tsarin da ke miƙar da layi don kada ƙasa ta lanƙwashe. Launin haske na kulle shi a 5500, wato na hasken rana, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, don in an bar wa kyamara zaɓi takan canza ra'ayi daga hoto zuwa hoto. Saurin buɗe idonta kaɗai na bar mata, tunda hasken zai ninka sau da yawa kafin hantsi. Batirin irin waɗannan kyamarori ba ya jure dogon aiki, balle a sanyi, sai na jona ta da fawa bank, na naɗe bakin wayar da ƙyalle saboda ƙura. Tazara daƙiƙa 5.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 6 ƙoƙuwar dutsen ta yi ja. Da ido ba ka ganin hasken na tafiya, sai dai in ka kau da kai ka sha shayi ka waiwayo, ka tarar ya sauko kamu ɗaya. Hayaƙi ya fara tashi daga bukkoki. Can sai ga shanun, a daidai hanyar da dattijon ya faɗa, wani yaro na bin su da sanda, ƙurar kofatonsu ta kama haske. Mata suka bi ta ƙasan kukar da tuluna, ɗayarsu ta tsaya ta leƙa gilashin kyamarar, ɗan jagora ya yi mata bayani da yarensu, ta yi dariya ta wuce. Awa ɗaya da rabi na wannan safiya hoto 1,080 ne, daƙiƙa 36. A cikinsu inuwa na zamewa daga jikin dutsen tana gangarawa kwari, gonakin hawa-hawa na bayyana ɗaya bayan ɗaya. Da ni kaɗai ne, da taswirar waya da manhajar da ke nuna mafitar rana, ba zan san da hanyar shanun nan ba, kuma su ne ran bidiyon.

Da dare na gwada taurari, don ƙarshen wata ne, babu farin wata, garin kuma ba shi da fitilun da za su dushe sama. A nan kowane hoto daƙiƙa 30 yake ɗauka kyamara na shan haske, wato hoto 120 a awa, daƙiƙa 4 kacal na bidiyo. Taurari na gusawa digiri 15 a kowace awa saboda juyawar duniya, kuma Kaza da 'Ya'yanta sun fito sarai suna hawa daga gabas. Hazo ya cinye na ƙasa-ƙasa. Ban yi nisa da masauki ba, haka ɗan jagora ya ce, ban kuma yi musu ba.

Kasuwa ma na ɗauka, bayan an kai ni na gaida lawan na nemi izini. Na sa wa kyamarar baƙin gilashi mai rage haske don kowane hoto ya ɗan daɗe a buɗe. Hakan na sa masu tafiya su zama zane-zanen launi maimakon su riƙa tsalle, kuma ba a gane fuskar kowa, abin da ya kwantar wa mutane da hankali.

Tacewa a Garwa na yi, a laftof. Na jera hotunan a matsayin bidiyo ɗaya, sai ga abin da na zata: hasken na rawa kamar fitilar ƙwai a iska, saboda 'yan bambance-bambancen da kyamara ta yi tsakanin hoto da hoto. Akwai manhajoji irin su LRTimelapse da aka yi musamman don daidaita wannan, kuma aikin na buƙatar haƙuri. Hazo ya wanke launi, na ƙara masa kauri kaɗan, amma ban mayar da sama shuɗiya ba, don ba haka take a Disamba ba, kuma ɗan Rumsiki zai gane ƙarya nan take. Da yake hotunan sun fi babban ma'aunin bidiyo na 4K girma, na yanko tsakiya na fitar a ƙaramin ma'auni na 1080, dutsen ya dawo da girmansa, na kuma sa hoton ya riƙa matsowa a hankali. Taimlafs ba shi da sauti, sai na ɗora kukan zakaru da na shanu da na naɗa da waya a wurin, ban sa kiɗa ba.

Na tura wa ɗan jagora ta WhatsApp a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin bidiyo manhajar na matse shi, taurari su narke. Na ce ya yi amfani da shi yadda ya so wajen neman baƙi, ya kuma nuna wa Baba mai tireda. Ya kira ni ya ce Baba ya gane shanun, har ya faɗi mai su, kuma ya ce in dawo a watan Agusta, lokacin da kwarin ke yin kore, hadari na tasowa ta bayan duwatsu. Gajimaren damina da sauri yake tafiya, tazarar daƙiƙa 2 zai buƙaci, ga babban memori da rigar ruwa ta fawa bank. Hanyar Mogode ce abin tunani in ruwa ya sauka, amma ɗan jagora ya ce babur na wucewa in an yi sammako.