Santimita 6 da ta cinye min albashin wata biyu

Jiya na miƙa makullin shago, shekara 3 cif ina haɗa kwamfuta a Wuse 2, kuma wallahi ina kwashe kayana babu abin da ke dawo min a rai sai ranar da madabod, wato babban allon da ake ɗora kayan cikin kwamfuta a kai, ya ƙi shiga kesin, akwatin kwamfutar ke nan.

Wani Alhaji ne ya zo daga Gwarinpa a haɗa wa ɗansa kwamfuta ta gida, yaron yana harkar editin ɗin bidiyo. Oga da bakinsa ya kira Legas aka turo kesin, ni kuma aka ce je ka sayo madabod. Na ga ATX, wato sunan girman bod, a jikin kwalin kesin na wuce abina na sayo mai wannan girman, ashe akwai micro ƙarami a gabansa ban duba ba. Na dawo na yage leda, na ɗora furosesa da RAM ina ta jin kaina, ina zurawa ƙasan bod ɗin ya tokare da fawa fak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta. Na juya na karkata, ina! ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX kuwa 244 da 244, wannan ɗan bambancin ne ya kashe ni. Abin haushi da na juya bayan kesin na ƙirga ramukan kati da na gane tun farko, 4 ne maimakon 7 na kesin ATX.

Mai kaya ya ce tunda an buɗe ba ya karɓa. Oga kuma a gaban Alhaji yake cewa "wannan yaron ban san me ya koya a makaranta ba". Har Alhajin ne ma ya ce haba ranka ya daɗe a yi haƙuri. Aka cire kuɗin a albashina, amma har yau babu wanda ya tambayi mai odar kesin me ya sa ya zaɓi mai araha bai faɗa wa kowa girmansa ba. Bod ɗin nan kuma bayan sati 2 oga ya saida shi da riba, ina zaune ina kallo. To Allah ya sa albarka.

Tun ranar tef ɗin tela ba ya barin aljihuna, har dariya yaran filaza suke min. Ƙaramin bod yana zama a babban kesin lafiya lau, ko mini-ITX mai 170 da 170, babba ne ba ya shiga ƙarami. Ku duba ƙafafun tagullan nan da bod ke zama a kai, wanda bai yi daidai da rami ba a kwance shi kafin ya haɗa wuta ta ƙasa. Tsohon kesin Dell ko HP na ofis kar ku yarda da shi, da yawansu ramukansu na gidansu ne. Tsawon katin girafik da tsayin fankan furosesa su ma a auna.

Sabon yaron da aka ɗauko na bar masa tef ɗin a durowa, oga dai nasa bai taɓa saya ba.