Bangon Fas da inuwarsa

Adon bango shi ne sana'ata. Nakan manna sitensil, wato faifan roba mai hujin zane, in shafa masa kwaɓin nan da ake toshe haɗin allunan jibsin (wato farin filasta) da shi, in ɗage tun da ɗanyensa, fure ya fito tudu-tudu. Son wannan aiki ne ya kai ni Fas, a ƙasar Maroko.

Daga Kasabalanka na hau jirgin ƙasa, muka bi ta Rabat da Meknes. Lungunan tsohon birnin Fas ba sa ɗaukar mota, sai ƙafa, sai jakuna da alfadaran dako. Na shiga ta ƙofar Bab Bujulud, ban yi nisa ba sai ga makarantar Bu Inaniya, wadda Sarki Abu Inan na daular Mariniyawa ya gina a shekarun 1350.

Adon tsakar gidan hawa uku ne: ƙananan tayil masu launi a ƙasa, sassaƙen katako a sama, jibsin a tsakiya. Nan tsakiyar idona ya maƙale. Ganye ya hau kan ganye, rubutun Larabci ya ratsa su, a ƙarƙashinsu kuma ga wani zanen ya lafe. Launi kusan babu, amma da rana ta karkata sai kowane rami ya cika da inuwa, bangon ya tashi kamar saƙar leshi. Wallahi na daɗe tsaye a wurin.

A wani gida da ake gyarawa na tarar da wani dattijo a bakin aiki. Na ce, "Malam, a ba ni izini in kalla." Ya yi murmushi, ya matsa mini. Ashe shi ma da sitensil yake farawa. Ya shafe bango da jibsin mai kauri, ya ɗora takarda mai huji, ya bubbuga mata ƙullin garin gawayi, zanen ya kwanta. Sannan ya shiga ƙwaƙulewa da ɗan siririn ƙarfe kafin jibsin ya ƙeƙashe. Mu ɗorawa muke yi, su cirewa.

Zurfin nasu ba zai samu gare mu da shafa ɗaya ba. Kwaɓinmu na bokiti sai ruwansa ya fita yake bushewa, yana kuma tsukewa, don haka in an labta shi da kauri tsagewa yake yi. Sai dai a yi shafi siriri, a ba shi kwana guda, a mayar da faifan daidai inda yake, a ƙara, a goge bakin da sanfefa mai laushi. A ganina, masu cika wa irin wannan ado fenti kala-kala kashe shi suke yi. Launi ɗaya da fitilar da ke haskowa daga gefe sun wadatar.

Daga nan na gangara makarantar Attarin, ta 1325, kusa da masallacin Ƙairawiyyin. Ƙarama ce, amma sassaƙenta ya fi siranta, har sai da na matso dab da bango kafin in rarrabe ganye da harafi.